Kwanon Ɗan Fansho: Shawarwari Kan Tsarin Cin Abinci Bayan Ajiye Aiki

Ma'aikacin gwamnati a Najeriya yakan ajiye aiki ne in ya cika shekara 60 a duniya ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Malaman makaranta kuwa an ƙara musu zuwa shekara 65 ko 40 a dokar da aka sa wa hannu a 2022. Ranar da takardar ajiye aiki ta fito, lissafin da ake yi a gida bai wuce na giratuti da fansho ba: yaushe za su shigo, nawa ne, fili za a saya ko jari za a ja. Da wuya ka ji an zauna ana shawarar ƙarfe nawa maigida zai riƙa karyawa. Alhali kuwa duk tsawon shekarun nan ofis ne ke tsara masa cikinsa. Dole ya karya da wuri don ya sauke yara a makaranta, da azahar ga mai abinci a bakin sakatariya, in ya dawo bayan la'asar kwanonsa na rufe yana jiransa. Da aiki ya ƙare, tsarin ya tafi tare da shi.

Abin da ke biyo baya mun sha ganinsa. Baba ya dawo daga masallaci ya koma barci, ba zai tashi ba sai hantsi ya dubi ludayi. Ya sha shayi da burodi wajen sha ɗaya, abincin rana ya wuce shi tunda bai ji yunwa ba, ya yini yana tauna goro da gyaɗa a majalisa, bayan isha'i kuma a dire masa malmala biyu ya tashi da su ya kwanta. Kafin shekara ta zagayo, ko dai tumbi ya fito, ko kuma riguna sun fara yi masa yawa, iyali suna cewa tunanin fansho ne. Wani lokaci tunanin ne. Sau da yawa kuwa rashin tsari ne kawai, kuma gyaransa na hannun mutanen gida.

1. A ɗaura lokutan cin abinci a jikin lokutan salla. Wanda ya bar ofis bai rasa agogo ba, domin ladan yana kira sau biyar a rana, ba ya zuwa hutu, ba ya yajin aiki. Tsarin da na ga ya fi zama a gidaje shi ne: karin kumallo tsakanin bakwai da takwas, bayan an idar da lazimi, babban abinci da an dawo daga sallar azahar, ɗan abin taɓawa bayan la'asar, abincin dare tsakanin magariba da isha'i. Amfanin wannan shi ne ba sai an tsaya tambayar Baba ko yana jin yunwa ba. Tsufa yana rage jin yunwa, yana rage jin ƙamshi da ɗanɗano, don haka dattijon da ke jiran sai cikinsa ya kira shi yana iya kaiwa la'asar da kofin shayi ɗaya. Idan jiki ya saba da lokaci, shi da kansa zai fara nema. Barcin safe bayan asuba shi ne ke rushe komai. Wanda ba zai iya barinsa ba, to ya karya tukuna, ko ya mayar da shi ƙailula bayan azahar.

2. Shayi da burodi ba su isa karin kumallon dattijo ba. Gari ne da suga da ruwan zafi. Da shekaru sun fara ja naman jiki yake fara zaizayewa, bayan sittin kuma abin yana ƙara sauri, shi ya sa tashi daga tabarma ke zama aiki. Abin da ke rage wannan zaizaya shi ne motsa jiki da abinci mai gina jiki. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, wato mai kilo 60 yana buƙatar giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya yana ba da kimanin giram 6, kofi ɗaya na dafaffen wake kimanin 13. Kowa ya lissafa zai ga cewa yankan nama ɗaya da ke yawo a cikin miyar dare ba zai kai shi ko'ina ba, dole a rarraba a kan kowane ci, a fara tun da safe.

Ba sai an nemo abin waje ba. Koko da ƙosai da iyayenmu suka rayu a kai sun fi shayi da burodi nesa ba kusa ba, muddin ba a cika wa kokon suga ba. Akwai alale, akwai kunun gyaɗa, akwai awara, akwai dafaffen ƙwai, akwai kindirmo. Ɗumamen tuwo ma karin kumallo ne na ƙwarai in an samu miya mai wake ko busasshen kifi. Wanda likita ya ce ƙodarsa ta taɓu ne kaɗai wannan lissafi bai shafa ba. Shi adadin da aka yanka masa a asibiti zai bi.

3. A mayar da babban kwano rana, na dare ya zama ƙarami. Nan ne za a sha gardama, domin a wurin Bahaushe tuwon dare shi ne abinci, sauran duk taɓe-taɓe ne. Al'adar tana da dalilinta: manomi ya yini a gona, ɗan kasuwa a rumfa, ma'aikaci a ofis, sai dare ake haɗuwa. Ɗan fansho kuwa yana gida da rana, babu abin da ya hana shi cin tuwonsa da azahar, lokacin da akwai sauran zirga-zirgar yini da za ta narkar da shi. Tuwo mai nauyi ƙarfe tara na dare, kwanciya tara da rabi, shi ke kawo ƙwannafi, da kumburin ciki, da juye-juye a kan gado, ga mai ciwon suga kuma ya wayi gari awonsa ya hau. Ƙa'idar likitoci ita ce a bar awa biyu zuwa uku tsakanin cin abinci da kwanciya. Wanda ya ci bayan magariba, ya taka zuwa masallaci don isha'i, ya ɗan zauna hira, ya cika wannan ƙa'ida ba tare da ya duba agogo ba. Takawar nan ta minti goma ko sha biyar bayan cin abinci kuwa tana taimakawa wajen sauke suga a jini, don haka in masallaci biyu ne a unguwa, a zaɓi na nesa.

Ba cewa ake a hana Baba tuwon dare ba. A rage mara, malmala ɗaya madaidaiciya ta wadatar. Wasu ranakun a sauya da faten wake, ko faten tsaki mai ganye, ko dambun zogale, ko fura da nono marar suga.

4. Miya ta rinjayi tuwo. Mu kan tara hatsi a kwano mu ɗiga masa miya, ya kamata a juya lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, kuma Allah ya hore mana su da araha: zogale, rama, alayyafo, yakuwa, tafasa, kuɓewa, kabewa, kuka. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya haɗa ganye da abin gina jiki a kwano guda, ga shi yana maganin taurin bayan gida da ke damun tsofaffi da yawa, ko da yake ba su cika faɗa ba. Abin taɓawa na bayan la'asar kuma ya zama gwanda, ko goba, ko lemon zaƙi, ko kankana, duk wanda lokacinsa ya kama.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu. Da an ce mutum yana da ciwon suga, sai gida ya koma tuwon alkama ko na acha, a riƙa tula masa ana cewa ai wannan ba ya komai. Acha hatsi ce mai kyau, alkama ma haka, musamman wadda ba a cire wa dusa ba, amma dukkansu hatsi ne, in aka cika kwano suga zai hau. Girman malmala ya fi sunan hatsin muhimmanci.

5. A sa ido kan gishiri, da 'yan'uwansa da ba a kiransu gishiri. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce ƙasa da giram 5 a rana, kusan cokalin shayi ɗaya, a duk abin da mutum zai ci daga safe zuwa dare. Uwargida takan ce ai ta rage gishiri tunda aka ce Alhaji yana da hawan jini, alhali ta ƙara dunƙulen magi biyu don miya ta yi daɗi. Dunƙulen nan mafi yawansa gishiri ne. Kanwa ma da ake sa wa wake da miyar kuɓewa da ɗanwake tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne abin da ake gudu a cikin gishiri. Haka yajin da aka daka da magi, da burodi, da taliyar yara ta leda. A koma ga daddawa, da albasa, da tafarnuwa, da citta, da busasshen kifi. A riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Cikin 'yan makonni harshe yake sabawa, har abincin waje ya fara yi wa mutum gishiri.

6. Lokacin magani da lokacin abinci su san juna. Wannan ba wurin ganganci ba ne. Mai shan maganin suga irin su glibenclamide, ko mai allurar insulin, in ya sha magani bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Alamominsa rawar jiki, gumi, jiri, bugun zuciya, wani lokaci ruɗewa ko faɗan da ba dalili. Duk mutanen gida, har yara, su san su. In ya faru kuma mutum yana cikin hayyacinsa, a dama masa cokalin shayi uku ko huɗu na suga a ruwa ya sha, sannan ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai, a yi asibiti da shi. Metformin da abinci ake shansa don kada ya dagula ciki. Magungunan ciwon gwiwa da baya irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda tsofaffi ke saya a kemis su sha da safe ciki babu komai, suna jawo gyambon ciki, suna kuma wahalar da ƙoda in an daɗe a kansu. Maganin hawan jini mai sa fitsari yawanci da safe ake ba da shi, don kada a kwana ana zaryar banɗaki.

Ranar tantance 'yan fansho, ko ranar layin banki, ko ranar ganin likita, a fita da guzuri a aljihu: dabino, gyaɗa, ruwa. Layin da aka ce na awa ɗaya ne yana iya kaiwa la'asar. Haka kuma dattawa da yawa suna samun damar azumin Litinin da Alhamis bayan sun ajiye aiki, abin so ne, amma mai irin waɗannan magunguna ya fara zama da likitansa a gyara masa lokutan sha.

7. Ruwa ba sai an ji ƙishi ba. Jin ƙishirwa ma yana raguwa da shekaru, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram. Dabara mai sauƙi: kofi ɗaya a kowace alwala, kofi ɗaya a kowane cin abinci. In fitsari ya yi ja, ruwa ya yi kaɗan. Da dare a sassauta.

8. Kada a bar dattijo da kwano shi kaɗai. A ganina wannan ce shawarar da ta fi sauran nauyi, ita ce kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A unguwannin da, bayan magariba kowane magidanci yakan fito da kwanonsa ƙofar gida ko zaure, a haɗa a yi ciyayya. Mai miyar nama da mai miyar kuka lami duk hannu ɗaya ake sawa, baƙo ya samu, almajiri ya samu, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya ci ba tare da kowa ya ankara ba. A cikin birnin Kano da Zariya da Katsina da ƙauyuka har yanzu ana yi. Amma ma'aikacin da ya gina gidansa a sabuwar unguwa, ya ja katanga ya sa get, ya rabu da wannan. Da can abokan ofis ne ke ɗebe masa kewa. Yanzu sai a kai masa kula falonsa, a rufo ƙofa don girmamawa, ya zauna da talabijin. Ya ɗan tsakura ya rufe, a zo a ɗauke, ba wanda ya lura cewa rabi ya dawo.

Mutum ya fi ci in yana da abokin ci, kuma abokin cin ne ke fara ganin canji: hannu ya fara rawa, ana yawan ƙwarewa, an daina taɓa nama. Don haka a nemo masa abokin kwano. In akwai 'yan fansho biyu ko uku a layi, su tayar da ciyayya ko da sau ɗaya ne a rana, a kan dakali ko a harabar masallaci. In babu, ga jikoki. Kunyar nan da ke hana miji da mata zama su ci tare tun suna amarci, bayan shekara talatin da aure ai ta biya bashinta; yara sun watse, gida ya yi faɗi, su zauna su ci abinsu.

Hajiyar da ta yi ritaya daga koyarwa ko aikin jinya ma tana cikin wannan lissafi, wataƙila ma ta fi shiga. Ta saba dafa tukunyar mutum goma, yanzu saura ita da 'yar riƙo, ko kuma mijin ya rasu. Sai ta ga ɗora tukunya don bakinta kaɗai ɓata gawayi ne, ta jiƙa garin kwaki ko ta sha shayi ta kwanta. 'Ya'yan da ke turo kuɗi ta waya suna ganin sun sauke nauyi. In kun kira, ku tambaya: “Umma, me kika ci da rana?” In amsar kullum “na ɗan taɓa” ce, to a tura mata jika, ko a tsara wanda zai riƙa kai mata kwano ya zauna su ci tare.

9. Tukunya ɗaya, magana ɗaya. Ware wa Baba tukunyarsa daban yana ƙara kuɗin cefane, yana kuma sa shi jin an mayar da shi majinyaci, sai ya fara aiken yara su sayo masa tsire a ɓoye. Abincin da ya dace da shi, mai ƙarancin gishiri da mai, mai yawan ganye, ya dace da kowa a gidan. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya kuwa, a zauna a yi magana a fili. Ba zai yiwu ranar girkin uwargida a bi dokar likita, ranar girkin amarya a cika mai da magi don a burge ba. Maigida da kansa ya faɗi abin da likita ya ce a gaban kowa, don kada wata ta ɗauka kishiya ce ta ƙirƙiro. Shi kuma, tunda yanzu yana gida, ya bar madafa ga masu ita. Leƙen tukunya da ƙirga yankan nama ba ya ƙara wa dattijo daraja.

Abincin da ya saura a kula da shi, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki ba, shinkafa ce ma ta fi saurin lalacewa. In za a yi ɗumame, a bari ya yi zafi har cikinsa yana tururi. Gudawar da saurayi zai kwana ɗaya ya warware tana iya kwantar da ɗan shekara saba'in a asibiti.

10. A sayi hatsi da kaka, a bar fansho ga cefane. Fansho ba ya tsere da kasuwa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, kuɗin ɗan fansho kuwa bai yi irin wannan tsalle ba, a wasu jihohin ma sai a yi watanni ba a biya ba. Gidan da ke awo da mudu kullum shi ya fi jin jiki. Daga Oktoba zuwa Disamba gero da dawa da masara da wake suke sauka, ko a kasuwar Dawanau ko a kasuwar ƙauye mafi kusa. Wanda ya samu giratuti ko wani taimako daga 'ya'ya, ya fara da buhunan shekara. Wake a zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko a jarka mai murfi da ba ta shan iska, ƙwari su mutu da kansu ba tare da an barbaɗa guba ba. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, suna ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Lokacin arahar tumatir da tattasai a yanka a shanya. In akwai ɗan fili a tsakar gida, zogale biyu da kaji kaɗan masu ƙwai sun rage cefane, sun kuma ba maigida aikin safe.

11. Ɗaurin aure, suna, walima, zaman makoki. Da mutum ya yi ritaya shi ne wakilin dangi a kowane taro, kuma kowane taro da shinkafarsa mai maiƙo da lemon kwalba. Kwalba ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da kimanin cokalin shayi 9 na suga, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada a wuce kimanin 12 a yini, in da hali ma a tsaya a 6. Lemon malt da ake kai wa marasa lafiya shi ma suga ne. Shayin majalisa mai kauri, zagaye uku, kowanne da sugansa, a sa shi a lissafi. A ci a gida kafin a fita, a wurin taro a sa albarka kawai, a karɓi ruwa. Goro da shayi bayan la'asar kuma su ne ke hana barcin dare, rashin barcin ya jawo barcin safe, barcin safe ya ture karin kumallo.

12. A duba baki, a hau sikeli. Dattijon da ya ce nama ya fita ransa, sau da yawa haƙori ne ke ciwo ko ya zube. A kai shi wurin likitan haƙori, kafin nan a daka naman ko a dafa shi ya yi laushi, a ƙara kifi da ƙwai da alale. A kuma riƙa auna nauyi sau ɗaya a wata, a rubuta a bayan katin asibiti tare da awon jini. Wanda ya zubar da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya nufa ba, wato kilo 3 ga mai kilo 60, ko abinci yana maƙale masa a wuya, ko yana yawan ƙishi da fitsari, kada a ce tsufa ne a zauna. Ku kai shi asibiti a cikin makon nan.